Wane ɗan majalisa ne zai riƙe maganar ma'aikatan masaƙun Kakuri?

Assalamu alaikum Edita, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan majalisarmu na tarayya, musamman na Kaduna da Katsina da Zamfara da Kano, sabida abun nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni a Kakuri da ke garin Kaduna na tashi, kuma duk wanda ya san Kakuri a da ya san in lokacin canjin aiki ya yi toh hanya ba ta biyuwa sabida kekuna da mutane, masu tuwo da masu shayi da masu faci da masu gidajen haya duk da masaƙa suke ci. Ga masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe tun 1957 zamanin Sardauna, ga Arewa Textiles, ga United Nigerian Textiles (UNTL), ga Nortex da Finetex. KTL ta tsaya a 2002, sauran suka dinga binta ɗaya bayan ɗaya, UNTL ma da ake ganin ta fi ƙarfin rufewa sai da ta rufe a 2007. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun sha fitowa kan titi suna neman haƙƙinsu na sallama, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, yanzu matansu da 'ya'yansu ne ke riƙe da takardun.

Akwai wani dattijo a layinmu, Baba muke ce masa, ya yi shekara 22 a ɗaya daga cikin masaƙun garin nan a ɓangaren saƙa har kunnensa ya yi nauyi sabida ƙarar inji, wallahi har yau katin aikinsa da takardar sallamarsa suna cikin leda a ƙasan akwati, in ka zauna da shi sai ya ciro ya nuna maka ya ce ko bayan ransa a ba yaran su bi. Yanzu gadi yake yi da daddare ga hawan jini ga tsufa. Duk sanda ya ciro ledar nan sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, in tambayi kaina wai shin mutumin nan ba shi da wakili ne a Abuja?

Yana da shi mana, har biyu, sanata da ɗan majalisar wakilai, ban da na majalisar jiha. Kuma mun ga yadda ake yi in ɗan majalisa ya ga dama. Lokacin da gwamnatin Kaduna ta ce za ta sallami malaman firamare sama da 21,000 a 2017 bayan jarrabawar da aka yi musu, Sanata Shehu Sani da ke wakiltar Kaduna ta Tsakiya a wancan lokacin ya fito fili ya ce bai yarda ba, alhali jam'iyyarsu ɗaya da gwamna a lokacin. Ni ban ce duk abun da ya faɗa daidai ne ba, akwai masu ganin gyaran makarantu dole ne kuma suna da hujjarsu, amma dai wanda aka raba da abincinsa ya ji cewa akwai mai kujera da ya buɗe baki a kansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya dawo gida ya kasa kallon idon iyalinsa. Abun da nake so yanzu ya wuce buɗe baki ma, ina so a samu wanda zai riƙe maganar ya ƙi saki har a ga kuɗi a hannun masu shi.

Sabida majalisa ba ta rasa makami ba. Sashe na 88 da na 89 na tsarin mulki sun ba ta ikon yin bincike da kiran duk wanda ya kamata ya zo ya yi bayani. Akwai kwamitin karɓar koke-koken jama'a a duka majalisun biyu, ɗan majalisa ne ke miƙa koke a zaure a tura wa kwamitin. Kasafin kuɗi kuma ta hannunsu yake bi duk shekara. KTL ta jihohin Arewa ce ta hannun kamfaninsu na zuba jari NNDC, toh me zai hana sanatocin Arewa su zaunar da gwamnoninsu a kan wannan? Kuma kar wani ya ce abun ya daɗe ba a iya tono shi, ai ma'aikatan Nigeria Airways da aka rushe kamfaninsu tun zamanin Obasanjo sun jira har 2018 kafin gwamnatin Buhari ta saki kuɗi aka biya su wani kaso na haƙƙinsu da ya rage, sabida ba su yi shiru ba kuma an samu masu tayar da maganar.

Sannan wannan magana ba ta Kakuri kaɗai ba ce, in masaƙa ta mutu manomin auduga ne ke fara ɗaukar makoki. Ku je Funtuwa da Malumfashi da Gusau ku tambayi dattawa yadda kakar auduga take a da, da ita ake aure da ita ake zuwa Makka, injinan gurza suna aiki dare da rana. Yau manomi zai sayi taki da tsada, ya yi feshi, ya biya masu tsinka, ga tsoron 'yan bindiga a gona, sannan ya zauna jiran ɗan kasuwa ya yanka masa farashin da ya ga dama don babu masaƙar da ke jiran kayansa, kasuwannin kuma atamfar waje ta cika su. Ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya tana fitar da irin auduga tun tuni amma wa zai shuka abun da ba shi da mai saye? An taɓa ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, ya kamata wani ɗan majalisa ya tashi ya tambaya wa ya karɓa, me aka yi da shi, masaƙa nawa ta tashi.

Tsofaffi ma haka. Sashe na 16 na tsarin mulki ya ambaci kula da tsofaffi da fansho, kuma a 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, amma Baba na layinmu bai taɓa jin sunanta ba balle ya san ƙofarta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin maganinsa na wata ya fi ƙarfin abun da gadin ke ba shi.

Ni ba na raina buhun shinkafa da babur da keken ɗinki da ake rabawa, mai yunwa ba ya raina loma, amma don Allah ranka ya daɗe sanata, ranka ya daɗe honarabul, wannan ba shi muka tura ku yi ba. Ku zo Kakuri ku yi zaman sauraron jama'a a nan cikin unguwa ba a otel ba, ku kira ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da zawarawan da aka bari da marayu da manoman auduga, a rubuta sunan kowa da shekarun da ya yi da abun da yake bi tun masu bayanin suna raye. Mu matasan unguwa mun shirya mu bi gida gida mu tattaro takardun, na Baba ma ya ce in na samu wanda zai karɓa in zo in ɗauka.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga mai karatunku a Kakuri, Kaduna