Masallacin Ƙasa na Ghana ya wuce wurin sallar Juma'a kawai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan Masallacin Ƙasa da ke unguwar Kanda a Accra, wanda Turkawa suka ɗauki nauyin gina shi, aka buɗe a 2021. Hasumiyoyi huɗu, ƙubbobi hawa-hawa irin na masallatan Istanbul. In ka tsaya a ƙarƙashin babbar ƙubbar, sai ka ji wuyanka ya gaji da kallon zanen. Madalla.

Amma ga Nima da Mamobi nan kusa, cike da samari marasa aikin yi. Ina roƙon shugabannin masallacin su riƙa shirya darussan dare da koyon sana'a a harabar, da Hausa, mata ma a ware musu lokacinsu.

Naka,
Mai karatu daga Nima