Kafin ka sayo kwamin iyon nan

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso ni tun makon jiya, har da hoton kwamin iyon nan mai zagaye da ake kafawa a bayan gida ba tare da an haƙa rami ba. Ka ce in gaya maka gaskiya tunda na riga ka saye. Da farko na so in amsa maka a waya da layi biyu, sai na ga maganar ta wuce layi biyu, shi ya sa na zauna na rubuto.

Hoton na gane shi sarai, don irinsa ne ya ja ni. Ruwa garai-garai, ciyawa kore shar, yara suna ta dariya, ko ganye ɗaya babu a saman ruwan. Wanda ba a sa a hoton ba shi ne bawan Allahn da ya tashi da sassafe ya kwashe ganyen, kuma in ka saya, kai ne shi.

Bari in fara da ranar da na kafa nawa, ka yi dariyarka ka more. Faɗinsa mita 4.57 ne, tsayinsa mita 1.22, yana cin ruwa kusan lita 17,000. Ka san lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato tan 17 ke nan zaune a cikin leda, 'yan siraran ƙarafa na riƙe da ita. Ni ban yi wannan lissafi ba sai daga baya. Na dubi filin bayan gidana da ido, na ce ai a daidaice yake, muka shimfiɗa, muka harhaɗa ƙarafa, na saka tiyo. Kwana ɗaya da wuni ruwa na zuba. Da ya kusa cika, sai babban yarona ya ce, "Baba, ya na ga kwamin ya karkace?" Na zagaya na duba. Ta gefe ɗaya ruwa ya kusa taɓa baki, ta ɗaya gefen saura kusan taƙi guda, ƙafafun ɓangaren gangaren duk sun sunkuya kamar za su durƙusa. Sai a lokacin na nemo takardar da ke cikin kwalin, wadda na jefar ban karanta ba. A rubuce yake ɓaro-ɓaro: kada bambancin tudu da gangare ya wuce kimanin santimita 2.5. Nawa ya kai takwas.

Haka na zubar da ruwan nan kaf, ina ji ina gani. Zubarwar ma wani aiki ne, don lita dubu goma sha bakwai ba ta ɓacewa haka kawai, sai ta sami inda za ta. Tawa ta bi gangare ta je ta kwanta a gindin katangar maƙwabcina, kuma mun yi kusan wata guda gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu ba. Na sake yin wauta ta biyu, na cike gangaren da yashi. Yashi kuwa da ya ji nauyi sai ya zame. Ashe tudun ake sassaƙewa har ya sauko daidai da gangaren, ba gangaren ake cikewa ba. Sai da na kira magini da ma'auninsa da leburori biyu, aka kankare ƙasa, aka daddaɓe, aka sa faffaɗan bulo a ƙarƙashin kowace ƙafa. Ciyawar wurin kuwa ka yi mata sallama, cikin 'yan kwanaki take mutuwa, in ban da aya-aya, wadda ita leda ba ta hana ta fitowa, huda ta take yi ta ɓullo.

Af, tun ban manta ba. Na ji ka taɓa cewa gidanka na da fili a saman bene. Ko da wasa kada ka yi tunanin ɗora shi a can. Ruwa mai zurfin mita ɗaya nauyin tan guda yake ɗora wa kowace murabba'in mita, daɓen gidan zama kuwa ba don ɗaukar ko rabin haka aka zuba shi ba.

To an kafa, an cika. Sati na farko daɗi kamar me. Yara ba sa fita sai yatsunsu sun yamutse. Daga nan aikin ya fara nuna kansa. Ruwan da ke tsaye cikin rana, mutane na shiga da gumi da man shafawa da ƙurar ƙafa, ba ya zama da tsabta don kansa. Akwai 'yan takardun gwaji da ake tsomawa su sauya launi, da su ake duba abu biyu: kulorin, wato maganin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ya tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin miliyan, ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH kuma tsakanin 7.2 da 7.8. In pH ya haura, kulorin ɗin sai ya yi sanyi, ka zuba ka zuba amma ba ya aiki yadda ya kamata. In ya sauka, ido ya yi ja, fata ta yi ƙaiƙayi, ƙarfe ya fara ciwuwa. Ga rana kuma tana cinye kulorin cikin 'yan sa'o'i, sai an haɗa da wani sinadarin da ke kare shi. Ni da na gudu daga ajin kimiyya tun muna makaranta, ka tuna, yau ga ni tsugune da kwalabe ina gwada launi da launi.

Sinadaran su ma abin tsoro ne. Ba a haɗa kulorin da asid, iskar da ke tashi daga haɗin guba ce. Dole a nema musu wuri busasshe mai kwaɗo, nesa da hannun yara. Kuma kada ka ɗauka kulorin na gamawa da komai nan take. Akwai ƙwayar cutar gudawa da ke iya yin fiye da mako guda a raye cikin ruwan da kulorinsa ke daidai, shi ya sa yaron da cikinsa ya lalace ba shi ba shiga, komai kukansa.

Injin da ke juya ruwan yana tace shi kuwa, wanda ake haɗowa a cikin kwalin yawanci ƙarami ne, da kyar yake iya aikin. Kusan awa takwas nake barinsa a kunne kullum, matacin cikinsa a wanke shi duk bayan kwana biyu ko uku, a sauya sabo duk mako biyu. Na gaji na sayi babban inji mai tacewa da yashi. Ka lura, har yanzu ban daina saye ba: raga mai dogon hannu ta kwashe ganye, burushin goge bango, abin zuƙe dattin ƙasa, murfi, shimfiɗar ƙarƙashi, facin leda. Kuɗin da ke jikin kwalin kafin alƙalami ne kawai.

Wata rana tafiya ta kama mu ta kwana shida. Na kashe injin don tsoron barin wuta a kunne ba kowa a gida. Da muka dawo, wallahi ban gane ruwan ba. Ya koma kore fatau kamar kududdufi, gansakuka ta bi bango ta yi santsi, ƙasan kwamin ba ya ganuwa, kwaɗo guda yana shawagi abinsa. Da na leƙa da kyau sai ga 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil. Sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma ne in akwai zafi, ka ga saura ƙiris in buɗe wa unguwa masana'anta. Kwana biyar na yi ina zuba magani, ina gogewa, ina wanke mataci, kafin ruwan ya dawo hayyacinsa. Tun daga ranar, duk tafiyar da za mu yi sai na nemi wanda zai kula da kwami, kamar mai kiwon dabba.

Sauran ƙananan abubuwan ba sai na ja su ba. Ruwa na raguwa kullum, a lokacin zafi na auna nawa yana sauka kusan rabin santimita a wuni, wato lita tamanin ke tafiya iska ko ba wanda ya shiga. Kuɗin wuta na ƙaruwa. Injin ba a jona shi da doguwar wayar nan ta wucin gadi a bar ta kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ma'aikacin lantarki ya sa masa soket mai katse wuta da kansa da zarar ta fara zurara. Rana na cin ledar har ta bushe ta fara tsagewa, tsatsa na kama ƙarafan daga wajen mahaɗa. Nawa a shekara ta uku faci bakwai na ƙirga. In ka tashi sayar da gida, babu mai ƙara maka ko sisi dominsa, wani ma cewa zai yi ka kwashe kayanka ka gyara masa filin. Wurare da yawa kuma hukuma na neman izini da shinge kafin a kafa, masu inshorar gida su ma suna so a sanar da su, don haka ka tambaya a inda kake.

Duk wannan kuɗi ne da wahala, kuma na san ka, ba ka tsoron ko ɗaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Autarka ce. In lissafina daidai ne, yanzu ta shiga shekara biyu da rabi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗa cewa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su suka fi kowa mutuwa ta hanyar nutsewa. Abin da mutane ba su sani ba, nutsewar yaro ba ta da ƙara. Ba ihu, ba fantsama ruwa, ba ɗaga hannu. Sulalewa kawai yake yi, cikin ɗan lokacin da za ka amsa waya ko ka leƙa wanda ke buga ƙofa. Ni ma da na ɗauka tsayin bangon kariya ne, na ce yaro ƙarami ina zai iya hawa mita ɗaya da wani abu. A watan Yulin 2025 hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka ta ba da sanarwar kiranye, wato shelar cewa kaya na da haɗari sai an gyara, kan irin waɗannan kwamaye kimanin miliyan 5, masu tsayin inci 48 (wato mita 1.22, kamar nawa) zuwa sama. Dalili kuwa wata igiya ce da ke zagaye su ta waje, ta bi ta kan ƙafafun don ta ɗaure su. Yara na taka ta su haye, ko da an cire tsani. Yara tara aka tabbatar sun rasu ta haka tsakanin 2007 da 2022, daga mai wata 22 zuwa mai shekara uku. Ka duba hoton da ka turo mini da kyau, ka ga ta ina igiyarsa ta bi.

Ba labarin nesa kaɗai nake ba ka ba. Wata yamma ina cikin ɗaki, maman yara na kicin, kowa na zaton ƙaramin namu yana wajen ɗaya. Allah ne ya sa na leƙa ta taga. Na hango shi ya jawo kujerar roba ya jingina da kwamin, ya hau, cikinsa na kan bakin ƙarfen, yana miƙa hannu zai ɗauko ƙwallon da yayyensa suka bari a ruwa. Tsanin na cire shi da hannuna, yana can a kulle. Ban san yadda na tsallake tsakar gidan ba. Da na cafe shi dariya ma yake yi, ni kuwa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, sai da na zauna a ƙasa. Ka san wani abin? Da ya faɗa, daga tagar nan ba zan gan shi ba, domin bangon da nake ganin kariya ne shi zai ɓoye mini shi. Washegari na kira mai walda. Shinge muka yi ta kowane gefe, mai tsayin mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta, sakatarta can sama. Kuɗinsa ya fi na kwamin.

Manyan yaran su ma da tasu matsalar. Zurfin ruwan bai isa a yi alkafura ko a faɗa da ka ba, wanda ya gwada zai iya buga kai a ƙasa ya karya wuya, ya shanye har abada. Ka faɗa wa ɗan shekara goma sha biyu haka sau ɗari, ranar da abokansa suka zo sai ya nemi ya burge su. Abokan kuwa za su zo. Da labari ya bazu, yaran da ban taɓa gani ba suka riƙa sallama da gajeren wando a hannu. Ka kore su a ce ka cika rowa, ka bar su kuma amanar 'ya'yan mutane ta hau wuyanka. Na wayi gari ni ne mai gadi, ina zaune a kujera ina ƙirga kawuna, ban isa in duba waya ba.

Kada ka ce na zama mai kashe gwiwa. Yarana uku a ciki suka koyi iyo, kuma akwai dararen zafi da na shiga ni kaɗai na kwanta rigingine ina kallon taurari, na ce kai, kuɗina bai tafi a banza ba. Amma tunda ra'ayina ka nema, ni dai in ni ne kai zan dakata. Ka bari 'yar autar nan ta yi wayo ta koyi iyo a hannun masu koyarwa, kafin nan ka riƙa kai su wurin ninƙaya mai ma'aikatan ceto. In kuwa uwargida da yara sun riga sun ci ƙarfinka, to shingen za ka fara yi, kwamin ya biyo baya, kuma ku zauna kai da ita ku yanke wanda zai riƙa duba ruwan kullum, da sunansa.

Ka auno mini tsawo da faɗin filin, ka gaya mini ko akwai bishiya kusa da kuma inda ruwan sama ke gangarawa, in ga ko ma wurin zai ɗauka. Tsohon injina ƙarami yana nan a sito, amma ba zan ba ka shi ba, don ina son zumuncinmu ya ɗore.

Ka gaishe mini da uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara. Maman yara na gaishe ku.

Naka har kullum,
Amininka