Jaririn da ke goye a gidan yari, wa ya yanke masa hukunci?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan matan da ake tsarewa a gidajen gyaran hali da juna biyu ko da goyo, da kuma 'ya'yan da suka baro a gida. Ni malamar Islamiyya ce a nan Sakkwato, kuma duk lokacin da aka kama uwa, mu ne muke fara gani a aji: yarinya ta daina zuwa, sai ka hango ta da farantin talla, ƙannenta an rarraba su gidajen dangi.

Ba cewa nake kada a hukunta mai laifi ba. Amma wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a kama su da laifin komai ba tukuna. A cikin matan da ke tsare, masu jiran shari'a da waɗanda aka yanke wa hukunci, wata faɗan kishiya ne ya kawo ta, wata rigimar kuɗin adashi, wata tara aka ci ta ta kasa biya, wata kuma an ba da belinta amma babu mai tsaya mata, don mijin ya ɗauke ƙafa, dangi kuma kunya ta hana su leƙowa. A wurinmu namiji ya shiga gidan yari ya fito a ce ƙaddara ce, mace kuwa sau da yawa takardar saki ke riskarta a can. Alhali dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce ba za a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce ba. Mahaifiyarta ko yayarta za su iya tsaya mata, sai dai ba kowa ya san haka ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019, da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, ta ce a keɓe wa mata wurinsu a kowace jiha, a yi musu gwajin ciki idan an kawo su, a kula da awo da haihuwa, a tanadi ɗakin renon jarirai. Ta kuma buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin gayya ga al'umma da sasanci tsakanin mai ƙara da wadda ake ƙara. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin yara ta 1990, a sashe na 30, ta ce idan mai ciki ce ko mai shayarwa, a fara duba hukuncin da ba zai kai ta bayan kanta ba.

Mu Musulmi ma ba sai mun jira wannan ba. Matar Gamidiyya da kanta ta zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta amsa laifi mai girma. Ya ce ta koma sai ta haihu. Ta haihu ta dawo, ya ce ta je ta shayar sai ta yaye. Saboda haƙƙin jaririn aka jinkirta haddi. To ina ga bashin da bai kai kuɗin buhun gero ba? Alƙur'ani ya ba yaro shekara biyu na nono, kuma ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Jaririn da ya koyi rarrafe a ɗakin da ake kullewa da kwaɗo, cikin zafin bazarar Sakkwato da sauro, ga nono ya ƙafe don uwar ba ta ƙoshi, wallahi mu ne za a tambaya a kansa.

Tun 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka samu ikon kafa nasu gidajen gyaran hali, don haka zancen wai abin na Abuja ne kaɗai ya ƙare. Jiharmu kuma tana da dokar kare yara tun 2021. Ina kira ga Babban Jojin jiha, idan ya kai ziyarar rage cunkoso, ya fara da ɓangaren mata, a kawo masa takardar kowace mai ciki da mai goyo. Alƙalan majistare da na kotunan shari'ar Musulunci, Allah ya ƙara muku adalci, ku tambayi macen da ke gabanku ko tana da ciki ko ɗan da take shayarwa kafin ku ce a kai ta a ajiye.

Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha tana da hujja a hannu, domin masu bashi suna cikin mutum takwas da Allah ya ambata. A ware kaso a biya tara da ƙananan basussukan waɗannan mata, a haɗa musu da ɗan jari, don wadda ta fito ba miji ba muhalli tana buƙatar abin yi tun ranar farko. Lauyoyin ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da na hukumar ba da taimakon shari'a kyauta su riƙa bin shari'o'in, mu kuma matan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da makarantun Islamiyya mu ɗauki nauyin sabulu, audugar mata, kunun yara da gidan sauro, mu kuma mayar da yaran da aka baro gida makaranta kafin zangon karatu ya wuce su.

Wassalam.

Wata malamar Islamiyya,
Mabera, Sakkwato.