Wasiƙa Ga 'Yata Mai Naɗar Darussa A Kwamfuta

Assalamu alaikum Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Mu nan sai godiyar Allah. Ƙaninki ya nuna mini bidiyoyin da kika fara ɗorawa a YouTube, inda kike koya wa masu shaguna lissafin ciniki da Excel cikin Hausa. Na kalle su duka, raina ya yi fari, na sa miki albarka. Amma wanda ya riƙe alli har ya yi ritaya ba zai ga koyarwa ya yi shiru ba.

Abin da nake so ki sa a gaba kullum shi ne mai kallon. Ke kina zaune gaban babban allon kwamfuta, shi kuwa yana tsaye a shagonsa a Kantin Kwari ko Sabon Gari, da 'yar ƙaramar waya da datar kwana ɗaya. Lambobin da kike gani raɗau, shi ɗigo-ɗigo yake ganinsu. Kafin ki fara naɗa, ki ƙara wa rubutun girma, ki ƙara wa kibiyar linzami girma, ki kuma sa manhajar naɗar allo ta OBS Studio ta ɗauki tagar Excel kaɗai, ba allon gaba ɗaya ba. Ingancin hoto na 720p ya wadatar, kuma bidiyon zai fi sauƙin turawa ta WhatsApp.

Sai babbar magana: hannunki ya fi bakinki sauri. A aji malami yana duban fuskoki, da ya ga an yamutsa goshi sai ya koma baya ya maimaita. Ke ba ki da wannan gatan. Ɗalibinki ba zai ɗaga hannu ya ce Malama ban gane ba, rufe bidiyon zai yi, kuma wataƙila ya yanke wa kansa hukuncin cewa kwamfuta ta fi ƙarfinsa. Wannan ne ya fi damuna, domin mutumin da ke riƙe lissafin dilolin atamfa a ka ba ya rasa basira. Don haka ki fara faɗin abin da za ki yi, sannan ki yi shi, sannan ki ɗan dakata ya ga sakamakon. Ki daina cewa "sai ku danna nan". Ki ce, "Zan danna akwatin da ke ƙarƙashin jerin farashi, in fara da alamar daidai, domin kowane lissafi a Excel da ita yake farawa." Sunayen maɓallai ki faɗe su kamar yadda aka rubuta su a allon, don ya iya gano su, bayanin aikinsu kuwa ki yi shi da Hausar kasuwa. Idan alamar kuskure ta #VALUE! ta fito miki, kada ki yanke wurin. Shi ma za ta fito masa, ki nuna masa cewa rubutu ne ya shiga inda ake son lamba, ki gyara yana gani.

Ki kula da sauti fiye da hoto. Mutane suna haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma ba sa haƙuri da murya mai amsa-kuwwa. Ɗaki mai labule da katifa ya fi falo mai tayil. Ki kashe fanka, ki naɗa bayan asuba kafin masu babur da janareto su tashi. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuya ba shi da tsada. Kuma ki bar 'yan daƙiƙoƙi na shiru a farkon naɗin, domin manhajar gyaran sauti ta Audacity, wadda kyauta ce, da wannan shirun take gane ƙarar ɗakin ta rage ta.

Bidiyonki na uku ya yi tsawo. Wani bincike da aka yi a 2014 kan darussan bidiyo na dandalin karatu ta intanet mai suna edX ya nuna hankalin masu kallo yana raguwa sosai bayan minti 6. Darasi ɗaya, matsala ɗaya. Ki rubuta jerin matakan a takarda, amma kada ki karanta kamar mai labarai, ki yi magana kamar mutum ɗaya ne zaune kusa da ke. Salman Khan, wanda ya kafa dandalin koyarwa na Khan Academy, da koya wa 'yar uwarsa lissafi ya fara a 2004, ya soma ɗorawa a YouTube a 2006, kuma baƙin allo ne da muryarsa kawai. Ke ma ba dole ki nuna fuska ba.

Akwai kuma amana. Manhajar naɗar allo ba ta san sirri ba, duk abin da ya faɗo ɗauka take yi. A bidiyo ɗaya na ga saƙon wata ƙawarki ya leƙo daga gefe. Ki kashe sanarwa, ki rufe imel, kada ki taɓa yin misali da littafin bashin wani na gaskiya, da sunayen mutane da lambobin asusunsu. Ki ƙirƙiri shagon misali. Ki kuma kalli bidiyon daga farko har ƙarshe a waya kafin ki ɗora, domin abin da aka riga aka sauke ba ya gogewa. Idan wani ya kawo miki manhajar naɗar allo ta Camtasia da aka fasa, ki ƙi karɓa. Ta kuɗi ce, haƙƙin masu ita ne, kuma irin waɗannan sukan zo da cutar da ke satar kalmomin sirri. OBS ta ishe ki.

Ina roƙon darasi na gaba ya zama na rubuta bashi da ranar biya, domin shi ne abin da ke karya ƙananan 'yan kasuwa. In kin gama ki turo mini kafin ki ɗora, in kalla a tsohuwar wayata. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ki gaida maigida. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa aikin nan ya amfani jama'a.

Wassalam,
Mahaifinki