Wasiƙa Daga Jidda Kan Ƙarar Gaban Motar Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Ni ma lafiya lau, sai zafin Jidda da gumi, aiki kuma alhamdu lillahi.

Saƙon muryar da ka turo ta WhatsApp sau uku na saurare shi, har na kara wa maigidanmu na gareji wayar a kunne. Wannan ƙwas-ƙwas da Hilux ɗin ke yi in ta faɗa rami ya tsaya mini a rai, balle da ka ce bakanike ya sa ka sayi shokazoba biyu kuma ƙarar ba ta tafi ba. Don Allah Yaya, kada ka ƙara sayen komai sai an ɗaga motar an taɓa ta da hannu. Kuɗin da kake haɗawa da lodin hatsi daga Dawanau ba na canki-canka ba ne.

Ga yadda muke yi a nan Sana'iyya, unguwar garejoji. A ɗaga gaban, ka kama taya da hannu biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, ka girgiza. In ta yi wasa, a duba tayarod da rak-en, wato gaɓoɓin da ke haɗa sitiyari da taya. Ka sa yaro ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, kai kuma ka ɗora tafin hannu a kan kowace gaɓa. Wadda ta mutu za ka ji tana bugun hannunka. Sannan ka kama tayar sama da ƙasa. In nan ne wasan yake, ko boris ko boljoyin, wato gaɓar da ke haɗa taya da hannayen ƙarfen da ke riƙe ta a jikin shasi, na sama da na ƙasa. A taka burki a sake girgizawa: in wasan ya ɓace, boris ne, in yana nan, boljoyin ne.

A kan boljoyin na ƙasa nake so ka tsaya, don shi ne abin tsorona. Motarka irin ƙirar da aka fara a 2005 ce, wadda sifirin ɗinta ke naɗe a jikin shokazoba, kuma nauyin gaban mota ta hannun ƙasa yake bi ya sauka a kan wannan gaɓar. In aka sa jak a jikin shasi, sifirin na danne da hannun, sai gaɓar ta yi tsam kamar lafiyarta ƙalau. Nan bakanikai da yawa ke ruɗuwa. A sa jak ɗin a ƙarƙashin hannun ƙasa, kusa da taya, sannan a zura dogon ƙarfe a ƙarƙashin tayar a ɗaga, ido yana kan gaɓar. A duba robar da ta rufe ta ma. In ta yage, yashi ya riga ya shiga ya haɗu da giris, kuma ƙurar hunturunmu ba ta fi yashin nan sauƙi ba.

Watan jiya aka kawo mana wata Hilux a kan motar ɗauka daga hanyar Makka, tayar dama ta naɗe ƙarƙashinta. Mai ita ya ce ya yi watanni yana jin ƙarar. Allah ya tsare ba gudu yake ba. Da na ga motar, kai na tuna, da buhunan da kake ɗora mata.

Sauran ƙararrakin ba su kai wannan haɗari ba. Kacau-kacau a kan ƙananan gargada yawanci linkin sitabilaiza ne, abu mai arha. Kukan ƙii-ƙii, ko bugu guda in ka taka burki, a duba bushin. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, mai canzawa in ka karkata motar, boris ne. In kuwa sitiyari ne ke kuka idan ka karya shi har ƙarshe, fara da duba man fawa da bel.

Da na zo sabo, sunayen ne suka ba ni wuya. Larabawa na kiran a-kori-kura wanet, sitiyari darkasun, shokazoba musa'adat, hannayen kuma miƙassat, wato almakasai. Ƙarfen dai ɗaya ne da namu.

In an tabbatar boljoyin ne, ka sayi sabo na asali, a canza ɓangarorin biyu tare. Nan ma akwai tashlih, wato inda ake yanka motoci, kamar kayan Beljiyam na Ƙofar Ruwa, muna ɗauko ƙofa ko fitila, amma wannan gaɓar maigidanmu ba ya yarda a sa tsohuwa. Ka tsaya a kansu su sa fin ɗin noti na gaskiya, ba ƙusa lanƙwasassa ba. In an taɓa bushin, kada a ɗaure notinsa tamau sai motar ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Daga nan sai wajen alaimen, inda ake daidaita saitin tayoyi, don kada ta cinye maka taya ta gefe ɗaya.

Kafin a yi wannan, na roƙe ka ka ajiye lodi. Ƙarshen wata in sha Allahu zan turo abin da ya sawwaƙa ka cika. Ka ɗauko mini bidiyo lokacin da ake girgiza tayar, a haska gaɓar da fitilar waya.

Ka gaishe mini da Inna da Baba, da Anti da yara. Ka ce wa Inna dabinon Madina da ta ce yana nan na ajiye, ina jiran mai tafiya gida.

Naka,
Ƙaninka a Jidda