Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Ilimi na Jihar Kano: A Ba Kowace Makaranta Taswirar Jiharmu

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Mu malaman labarin ƙasa ne, kuma roƙonmu ɗaya ne: ma'aikatarka ta buga taswirar bango ta ƙananan hukumomi 44, ta rataye ta a kowace firamare da ƙaramar sakandare, a kuma daina koyar da su da hadda.

Yaro zai jero maka sunayen daga Ajingi har Wudil, amma bai san Dawakin Kudu tana kudu da birni ba, Dawakin Tofa mai Kasuwar Dawanau kuma tana arewa maso yamma. Wani ma zai ce Kano ta yi iyaka da Nijar. Wannan ya wuce tun 1991 da aka cire Jigawa. Maƙwabtanmu huɗu ne: Katsina, Jigawa, Bauchi da Kaduna.

Taswirar ta kasance a sikelin 1:500,000, wato santimita 1 a takarda kilomita 5 ne a ƙasa. Da haka jihar za ta shiga takardar A1, wato babbar takarda mai girman fosta, har da sauran fili. Lallai a zana ma'aunin nisa mai layi a ƙasanta, domin da zarar malami ya rage girman taswira a injin kwafi, alƙaluman sikelin sun zama ƙarya, shi kuwa layin yana raguwa tare da hoton. A sa kibiyar arewa da shekarar bugawa. Ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni da kewaye, wato Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, a ware musu akwati a gefe a faɗaɗa su, in ba haka ba sunayen za su hau juna. A liƙa ta a yadi ko a rufe ta da leda, don takarda tsirara ba ta kai damina biyu a bangon aji.

Wajen koyarwa, a fara da ƙaramar hukumar yaro da waɗanda ta yi iyaka da su. Daga nan a bi tituna kamar yadda ɗan kamasho ke kiran garuruwa a tasha: hanyar Zariya ta Kura da Kwanar Ɗangora, hanyar Katsina ta Bichi da Tsanyawa, hanyar Daura ta Ɗambatta da Kazaure, hanyar Maiduguri ta Wudil. A kowace hanya yaro ya ɗora yatsa ya nuna inda aka fita daga jihar.

Sai ruwa, wanda mu a ganinmu shi ne darasin da ya fi daɗi. Kogin Kano yana gangarowa daga tsaunukan kudu, a tare shi a Tiga, ruwansa ya shayar da shinkafar Kura, Bunkure da Garun Malam. Kogin Challawa, mai madatsa a Ƙaraye, ya haɗu da shi, su wuce ta ƙarƙashin gadar Wudil su zama Kogin Haɗejia, su nufi Tafkin Chadi. Yaron da ya bi wannan layi da fensir ya gane dalilin da ya sa kudu ta fi tudu da ruwan sama, ya kuma san inda Dajin Falgore da tsaunukan Riruwai suke. A nan ne zai lura cewa hedikwatar Doguwa a Riruwai take, sunan ƙaramar hukuma ba kullum ne sunan garin da sakatariya take ba.

A jarrabawar ƙarshen zango, maimakon "lissafa ƙananan hukumomi goma", a ba ɗalibi taswirar da babu suna ko ɗaya, a ce ya sa garinsu, Dutsen Dala, Tiga da jihohin da ke kewaye.

Kafin a kai taswirar bangon wajen bugawa, muna roƙon ofishin safiyo na jiha ya tantance iyakokin ya sa hannu. Layin iyaka a ƙasar nan yana iya jawo husuma tsakanin ƙauyuka, kuma malamin aji ba shi da hurumin yanke ta.

Wassalam,
Wasu malaman labarin ƙasa a Kano