Wa zai gaji masu haɗa almakashi?

Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne. Almakashin da nake yanka shadda da shi ƙirar Sheffield ne ta Ingila, gadon maigidana. A can, kamfanin ƙera almakashi na Ernest Wright da aka kafa a 1902 ya durƙushe a 2018 kafin a farfaɗo da shi. Haɗa kaifin biyu da guduma, a ɗan lanƙwasa su har su riƙa shafar juna, sai yaro ya shekara biyar yana koyo.

Mu nan fa? Dattijon da ke wasa mana almakashi idonsa ya raunana, babu yaro ko ɗaya a gabansa, duk sun koma tuƙin Adaidaita Sahu. Ina roƙon gwamnatin jiha ta riƙa biyan alawus ga yaran da ke koyo wurin maƙera.

Wani tela,
Fagge, Kano